Ƙanena ya yi jarfar ƙaya a Filifin, hannu ya kumbura, ya ce ƙaya ba ta ɗaukar cuta

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a Zariya, kuma wallahi hankalina a tashe yake. Ƙanena yana karatun aikin jinya a Baguio, can ƙasar Filifin. Da aka yi musu hutu sai abokan karatunsa suka ja shi wani ƙauye a kan dutse, Buscalan, wurin wata tsohuwa da ta haura shekara ɗari, mai yi wa mutane jarfa da ƙaya. Wata budurwa cikin danginta ta yi masa zanen shanshani a damtse, ita kuma tsohuwar ta ɗiga masa ɗigo uku a ƙasan zanen. Yau kwana 9 ke nan. Jiya ya turo mini hoto, wurin ya kumbura yana sheƙi, yana fitar da ruwa, kuma ya ce kaluluwa ta fito masa a hammata.

Na ce ya je asibiti a duba, a kuma gwada jininsa, sai ya yi mini dariya. Wai sabuwar ƙayar lemo ce da baƙin tukunya, babu ƙarfe babu sinadari, ta ina cuta za ta shiga? Wai tsohuwar ta yi shekaru aru-aru tana wannan aiki ba a taɓa jin ta kashe kowa ba. Ga Mama ta kasa barci, wata maƙwabciya ta ce mata ya goge wurin da kanwa da lemon tsami, ko ruwan batir, zanen zai fita kafin Baba ya gani. Wasu kuma na cewa tsafi ne aka sa masa. Don Allah Likita, yaya zan yi da yaron nan?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, ɗauki waya ki kira shi. Jarfar ƙaya takan kumbura ta yi zafi kwana 2 ko 3, daga nan ta fara lafawa. Wadda ta kai kwana 9 tana ƙara hawa, tana zubar da ruwa, har kaluluwa ta fito, ta riga ta harbu. Ya je asibiti yau, ba gobe ba. Akwai babban asibitin gwamnati a cikin Baguio, kuma ɗalibin jinya ne, ya san ƙofarsa. Kafin ya fita ya sa biro ya zagaye iyakar kumburin, don a ga ko yana ƙetare layin. A fatarmu ba a cika ganin jan da littattafai ke faɗa ba, saboda haka kada ya tsaya jiran ja: ɗumi, da sheƙi, da tauri su ne abin dubawa. In zazzaɓi ya zo, ko zafin ya fi ƙarfin abin da ido ke gani, ko fatar ta fara baƙi tana yin ƙuraje masu ruwa, to ɗakin gaggawa zai nufa ko da tsakar dare ne. Su ɗauki ruwan ciwon su gwada kafin su ɗora shi a kan magani, su kuma tambaye shi rabonsa da allurar tetanus. Kada ya fasa kafso ya barbaɗa a kai.

Maganar tsafi kuma ki kwantar wa Mama da hankali. Matar da ya je wurinta sananniya ce, sunanta Whang-od Oggay, 'yar ƙabilar Butbut a lardin Kalinga, arewacin tsibirin Luzon. Ana lissafin haihuwarta a 1917, kuma tana 'yar shekara 15 ta fara koyon sana'ar a hannun mahaifinta. Su suna kiran aikin batok. Kayan aikinta ba su da yawa: ƙayar bishiyar wani babban lemo da ake kira pomelo, a ɗaura ta a bakin sandar gora, a riƙe wata 'yar sanda a ɗaya hannun ana bubbugawa kusan sau 100 a minti, tawadar kuma baƙin hayaƙi ne da ruwa a cikin ƙoƙon kwakwa. A da, namiji ba ya samun zanen ƙirji sai ya nuna jarumta a yaƙi, mata kuma ana yi musu a hannuwa don ado da shaidar sun isa aure. Ɗigo ukun da kika gani sa hannunta ne, yana nufin ita da jikokin 'yan'uwanta biyu da ta koya wa, Grace Palicas da Elyang Wigan. Ba laya ba ce, ba kuma alƙawari da wani iska ba ne.

Ina girmama matar nan, kuma ina so ki san haka kafin in fara faɗa. Lokacin da Sifaniyawa suka iso tsibiran nan sun tarar da mutanen Visayas, tsibiran tsakiyar ƙasar, jikinsu duk zane, har suka yi musu laƙabi da Pintados, wato masu zane. Coci da makaranta suka bi suka shafe al'adar a mafi yawan ƙasar, sai a kan duwatsun arewa ta yi saura, a jikin tsofaffi. Mutanen Kalinga ba 'yan wasan kwaikwayo ba ne na masu yawon buɗe ido. Su ne suka tsaya suka hana gwamnatin Marcos, shugaban ƙasar na wancan lokaci, gina madatsar ruwa a kogin Chico, har sojoji suka kashe shugabansu Macli-ing Dulag a ranar 24 ga Afrilu, 1980. Tsohuwar da ta riƙe sana'ar ubanta a lokacin da 'yan matan ƙauyenta ke jin kunyar zanen iyayensu ta cancanci lambar yabon da hukumar al'adu ta ƙasarsu ta ba ta a 2018.

To amma yanzu bari in zo kan maganar ƙanenki, don ita ce ta fi ɓata mini rai, kuma ba a bakinsa na fara jin ta ba. Kusan kullum sai wani ya zauna a gabana ya faɗe ta da wasu kalmomin: ai na gargajiya ne, ai daga itace aka ciro, ai babu sinadari. Ɗalibin jinya kuma! Wace makaranta ce ta koya masa cewa ƙwayar cuta tana duba ko ƙarfe ne ko itace kafin ta hau? Abin da take bukata jini ne da ƙofa. An huda fata sau ɗaruruwa, ƙofa ta samu. In ma za a yi gaskiya, ƙarfe ya fi ƙaya sauƙin sha'ani, domin ƙarfe za a iya sa shi a tukunyar tururi ta asibiti a kashe duk abin da ke kansa, ita kuwa ƙaya daga jikin bishiya take zuwa da ƙurarta da ƙwayoyin ƙasa. Akwai cutar fata ta naman gwari da likitoci suka daɗe da sanin cewa sukar ƙaya ce ke kawo ta ga masu aikin lambu. Tetanus ma a ƙasa yake kwana.

Zai ce miki an canza ƙaya, sabuwa aka sa masa. Na yarda, haka suke yi a Buscalan, har mutum yakan tafi da tasa gida. Sai ki tambaye shi: an canza ƙoƙon tawadar? An canza hannun da ya ɗebo ta? Duba hotunan da duniya ta cika da su, za ki ga hannu ne tsirara, babu safa, yana shafa tawada, yana goge jini, yana komawa ƙoƙo. Ki tambaye shi da wane ruwa aka dama baƙin, da me aka goge masa jinin, a kan wace kujera ya ɗora hannun, wa ya tashi daga kanta kafin shi. Ke ungozoma ce, ba sai na gaya miki cewa sabuwar reza ba ta isa ba in tiren da aka ajiye ta a kai bai wanku ba. Ruwan da ba a dafa ba shi kansa matsala ne: a Amurka, a shagunan zamani masu lasisi, an sha samun ɓarkewar ƙurajen da 'yan'uwan ƙwayar tarin fuka ke haddasawa, saboda kawai an sirka tawada da ruwan da ba shi da tsabta. Irin wannan ba ya fitowa sai bayan makonni, kuma maganin kemis ba ya taɓa shi.

Mutane suna jin an ce jini sai tunaninsu ya tafi kan ƙanjamau. Ƙanjamau ce mafi rauni a cikin ukun da ake tsoro a jini, wato ita da ciwon hanta nau'in B da nau'in C. In allurar da ta taɓa mai ɗauke da ita ta soki ma'aikacin lafiya, haɗarin kamuwa wajen 3 ne cikin 1,000. Ciwon hanta nau'in C bai kai 2 cikin 100 ba. Nau'in B kuwa yana iya kaiwa 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba, kuma ƙwayarsa tana rayuwa a busasshen jini, wanda ido ma ba ya gani, aƙalla kwana 7. Filifin tana cikin ƙasashen da wannan ciwo ya yi katutu, kamar dai mu nan, inda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi. Mafi yawansu ba su sani ba, lafiyarsu ƙalau a ido.

Sai hujjarsa ta biyu, wai ba a taɓa jin ta kashe kowa ba. Wa zai ji? Mutumin da ya hau dutse daga Manila ko Jamus ko Koriya, aka yi masa zane ya sauka washegari, in hantarsa ta lalace bayan shekara 20, wa zai koma Buscalan ya kai rahoto? Shi kansa ba zai haɗa abin da wannan tafiyar ba. Ciwon da ke kisa a ɓoye ba ya barin shaida a ƙofar wanda ya jawo shi, shi ya sa wannan hujja take rayuwa a bakin kowane mai aska a duniya.

Ga kuma abin da matasan nan ba sa lissafawa. Sana'ar da Whang-od ta gada an tsara ta ne don ƙauye. Mutanen gari ɗaya, an san kowa, ana yin zane jefi-jefi in wani ya dawo daga yaƙi ko yarinya ta tasa. Abin ya juya bayan wani mai binciken al'adu Ba'amurke, Lars Krutak, ya je wurinta a 2007, aka nuna shirinsa a talabijin a 2009. Daga nan Facebook ya ɗauka. A watan Afrilun 2023 mujallar Vogue ta Filifin ta sa hotonta a bango tana da shekara 106, layi ya ƙara tsawo. Yanzu a ƙarshen mako mutane ne tuli daga ko'ina suke jiran hannu ɗaya da ƙoƙo ɗaya. Randar gida ce aka fitar aka kafa a bakin tasha, moɗa kuma ɗaya. Ruwan bai canza ba, bakunan da ke sha ne suka canza. Kuma ba ita kaɗai ke aikin ba yanzu, matasa da yawa a ƙauyen sun ɗauki sanda saboda nan kuɗi yake, wasu sun ƙware, wasu jiya suka fara.

A al'adarsu ana cewa sana'ar ba ta fita daga jini, in bare ya yi zane to zai ruɓe. A matsayin dokar gado ba ni da ta cewa, ita ce ma ta ba su ƙarfin tsayawa a 2021, lokacin da wani kamfanin koyarwa ta intanet ya fara tallar darasin batok da sunan tsohuwar, danginta suka yi ƙorafi, aka janye shi, hukumar kare 'yan asalin ƙasa ta shiga maganar. Amma masu yawon buɗe ido sun juya wannan magana sun mayar da ita takardar shaidar lafiya: tunda jikarta ce ta yi mini, ba zai harbu ba. Ga damtsen ƙanenki nan ya ba su amsa.

Kada wani ya ce ina neman a kashe al'adar mutane. A New Zealand an kwantar da samari a asibiti, wasu rai a hannun Allah, bayan an yi musu zanen gargajiya irin na tsibiran Samowa, wanda shi ma bubbugawa ake yi. Ba a hana sana'ar ba. Ma'aikatar lafiya ta fitar wa masu yin ta da ƙa'idoji a 2010: safar hannu, tsabtace kayan aiki, tawadar kowa daban. Zanen yana nan, masu yi suna nan. Ƙaramin ƙoƙo ga kowane mutum, dafaffen ruwa, sabulu da safa ba za su rage wa shanshanin Kalinga ƙafa ko ɗaya ba.

Kuma kada mu yi ta kallon dutsen Filifin mu manta da zaurenmu. Wannan magana ta "ai na gargajiya ne" ita ce nake ji daga wanda aka yi wa ƙaho da askar da ta taɓa mutum biyar a ranar, da wanda mai yankan farce ya fasa wa yatsa a kasuwa ya goge almakashin a tsumma, da kakar da ta kai jariri a cire masa beli ko a yi masa tsaga. Wanzami mai mutunci ne a gari, yana da gado, yana da hannu, kuma da yawansu yanzu sabuwar reza suke ɓarewa a gabanka, Allah ya saka musu. Amma gado ba ya dafa aska. Ke kin fi ni sanin abin da ya sa na jarirai ya fi tayar mini da hankali: babba in ya kamu da nau'in B, wajen 95 cikin 100 jikinsu yana korar ƙwayar da kansa, jariri kuwa 9 cikin 10 za su riƙe ta har girma. Shi ya sa ake son allurar rigakafin hanta ta farko cikin awa 24 da haihuwa, kafin ranar suna ta zo da askarta. In na faɗi haka sai a ce mini tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma ban taɓa ganin wanda ya faɗi haka ya tsallaka titi ido rufe ba.

Yanzu maƙwabciyarku. Ki gaya wa Mama, da ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba, cewa in ruwan batir ya taɓa hannun nan, abin da Baba zai gani ya fi zanen muni. Baƙin ba a saman fata yake ba, yana can ƙasa da milimita 1 zuwa 2, ƙwayoyin garkuwar jiki sun haɗiye shi sun riƙe. Duk abin da zai kai can ta hanyar ƙuna sai ya cinye fatar da ke sama tukuna. Kanwa, lemon tsami, toka, gishiri, tafarnuwa, man bilicin, dutsen guga mai zafi, duk na ga aikinsu. Sakamakon guda ne: gyambo, sannan tabo, kuma sau da yawa zanen yana nan yana leƙowa ta ƙarƙashin tabon. Mu baƙaƙen fata mun fi kowa saurin yin tabon nan mai tasowa ya yi tudu yana ƙaiƙayi, kuma damtse da kafaɗa da ƙirji su ne wuraren da ya fi so. In akwai mai irinsa a gidanku, ko a hujin kunne ne, ki gaya wa ƙanenki ya faɗa wa likitan da zai gan shi. Hanyar cirewa ta gaskiya ita ce hasken leza, a hannun likitan fata wanda ya saba da baƙar fata, sai bayan ciwo ya warke sarai, kuma zuwa ne da yawa da tazarar makonni a tsakani. Baƙar tawada ita ce ta fi saurin amsawa, wannan kam ya yi sa'a. Masu shagon gyaran jiki da suka sayo na'ura ta intanet suna tallar cirewa a zama ɗaya, ya yi nesa da su.

Hukuncin addini kun san shi, hadisin da ya hana jarfa yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ba fagena ba ne. Abin da zan ce kawai, ku tambayi malami abin da Imamu Nawawi ya faɗa game da wanda cirewar za ta jawo wa lahani, kafin tsoron Baba ya sa a ƙona yaro. Faɗan uba na kwana biyu ne.

Sauran gwajin jini. Awa 72 da ake ba da maganin kariya daga ƙanjamau sun wuce, kuma dama irin wannan haɗari ba kasafai yake kaiwa ga ba da shi ba. Abin da ya rage shi ne a san inda yake tsaye. A yi masa gwaje-gwajen nau'in B guda uku, wato HBsAg (ko ƙwayar tana jikinsa), anti-HBc (ko ya taɓa kamuwa) da anti-HBs (ƙarfin garkuwarsa), sai gwajin nau'in C da na ƙanjamau yanzu, don a san abin da ya je da shi. In anti-HBs ɗinsa ya kai 10, to kashi mafi girma na damuwata ya tafi. In bai kai ba, ya fara allurar rigakafin nau'in B nan take, uku ne: yau, bayan wata 1, bayan wata 6. Kada ki dogara da cewa an yi masa yana jariri, sai a 2004 aka sa wannan allura cikin rigakafin yara a Nijeriya, kuma ba kowane yaro ta samu ba. A maimaita na ƙanjamau a mako 6 da wata 3, na hanta a wata 6. Sakamako mai kyau a wannan makon bai wanke shi ba, kada ya turo miki hoton takarda ya ce magana ta ƙare. Kafin nan ba zai ba da jini ba, kuma ba ya raba reza ko burushi da abokan ɗakinsa. In idonsa ya yi shawara ko fitsari ya yi duhu, ya koma asibiti. Nau'in C ba shi da rigakafi, amma yanzu ana warkar da fiye da 95 cikin 100 da ƙwayoyi na mako 8 zuwa 12. Ina nufin ƙwayoyin asibiti, ba jarkar mai lasifika a tasha da ke alƙawarin wanke hanta cikin sati biyu ba. Waɗannan jarkoki sun kawo mini masu hantar da ta fi ta farko lalacewa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, makarantar da ke tura ɗalibi ɗakin marasa lafiya ya kamata tun ranar rajista ta san matsayinsa na rigakafi, ba ta karɓi takarda ta jefa a fayil ba. Nan gida ma haka ne. Babba ya zo neman allurar hanta da ƙafarsa, sai a ce ya je ya yanki kati, ya dawo a ce ta jarirai ce kawai, ya koma a ce ba za a fasa kwalba don mutum ɗaya ba sai an taru, ya dawo Talata, Talata ta zo mai riƙe da makullin firij ya tafi taro. A haka mutum ke gajiya ya haƙura, mu kuma mu zauna muna cewa jama'a ba su waye ba.

Ke ma Malama, hannunki cikin jini yake kullum a ɗakin haihuwa. In ba ki taɓa gwada anti-HBs ɗinki ba tun da kika gama allura ta uku, ki sa a ɗebi naki a ranar da za a ɗebi nasa.